Mutumin Hungari da Ke Bangon Falonmu

Makon jiya na bi ta cikin Batha, kasuwar nan ta Riyad, neman cajar waya, sai na ji wata ƙara daga wani shagon tsofaffin kayan lantarki. Mai shagon ne yake gwada tsohuwar na'urar bidiyo, tana mayar da kaset baya. Ƙarar takan fara a hankali, ta ɗauki sauri kamar abin da ake kora, sannan ta tsaya cak. Na tsaya a bakin shagon har mutumin ya leƙo ya tambaye ni ko saya zan yi. Na ce a'a. Ban gaya masa cewa da zan saya, don in fasa ta zan saya ba.

Ni ba mai riƙon mutane ba ce. Ƙawayena har tsokanata suke yi, wai ko kyanwa ta taka ni, ni zan ba ta haƙuri. Amma akwai mutum ɗaya da na tsana tun ina 'yar shekara tara, kuma bai taɓa sanin ina duniya ba, don ya mutu tun kafin a haife ni. Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Sunan ya sha fitowa da manyan fararen haruffa a talabijin ɗinmu, wannan ya ishe shi.

Mutumin ƙasar Hungari ne, marubucin labarin fim. Ga tarihinsa yadda mahaifina ya sha ba ni shi, har na haddace kamar karatun allo. An haife shi a wani ƙaramin gari, ya tafi babban birninsu yana saurayi, ya yi aikin jarida, ya rubuta wasannin kwaikwayo da ake yi a gaban jama'a. Da ƙasarsu ta fara yamutsewa, sai ya ɗauki akwati ɗaya ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka, ba ya jin Turanci ko na sayen burodi. Cikin 'yan shekaru ya zama shi ke sa wa manyan 'yan wasan Amurka magana a baki, a zamanin da fim baƙi da fari ne. Kamfanin fim ya ba shi ɗaki a wani dogon gini da aka jera marubuta kamar teloli a kasuwa, kowa da ƙofarsa da keken rubutunsa. Shi ba ya zama, in ji Baba. Zagaya ɗakin yake yi da sigari a hannu yana faɗa, sakatariya tana bugawa. Idan labarin wani ya ƙi miƙewa, shi ake kai wa ya gyara, wani lokaci a sa sunansa, wani lokaci a manta.

Baba ya fara saninsa ne a Kano, a sinimar da ba ta da rufi. Abokansa jarumi suke zuwa kallo, shi kuwa sunayen da ke wucewa a farkon fim yake karantawa, har ya lura cewa duk fim ɗin da maganganunsa suka zauna masa a rai, akwai wani suna mai wuyar faɗa a jikinsa. Daga baya karatu ya kawo shi Riyad, ya gama, ya sami aikin tafinta da rubuta takardu a wani ofishi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Kowace safiya yakan bar gidanmu na haya a Al-Oud, hawa na biyu, inda matakala ke warin fenti da soyayyar albasar maƙwabta, ya shiga waccan unguwa mai ƙofa da masu gadi da itatuwan da ake shayarwa da famfo. Da yamma ya dawo da takalmansa a goge kamar bai taka ƙasa ba.

A can ya tsinci wata tsohuwar mujalla da aka ware don zubarwa, da shafi guda a kan mutumin, har da hotonsa: ƙaramin dattijo mai sanƙo, da tabarau, yana murmushi da gefen baki. Baba ya yanke hoton, ya sa masa gilashi, ya rataye shi a saman talabijin. A gidanmu babu wani hoto a bango, ko na kakana da ya rasu. Maƙwabtanmu ba sa son hoto a bango, shi ya sa idan baƙi za su zo, mahaifiyata takan juya fuskarsa ya kalli siminti. Ranakun baƙi suna cikin ranakun da na fi so.

A shafin nan, in ji Baba, an rubuta cewa tun ranar da mutumin ya sauka daga jirgi ya daina magana da harshensu, ko da matarsa, har sai da ya fara mafarki da Turanci. A shekarar da Baba ya tsinci mujallar ce kuma aka ba wani matashi matsayin da Baba ya daɗe yana sa rai da shi a ofis. Bai ce an zalunce shi ba. Ya ce harshensa ne ya yi nauyi, kuma nawa ba zai yi ba. Ina da shekara bakwai aka kafa doka: ni da Hausa a gidan nan, an raba mu.

Mahaifiyata ba mai musu ba ce, amma ranar ta yi magana.

"Abban Ummi, yarinyar nan Larabci take yi a makaranta, Larabci a layi. In ka hana ta Hausa a gida, a ina za ta same ta?"

"Hausa ba ta ɓata," in ji shi. "Tana cikin jini. Turanci ne sai an nema."

Ummi yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bakinsa ba zai iya faɗinsa ba. Ka duba wannan, mai karatu. Mutumin da ke jin nauyin sunan uwarsa har haka, shi ne ya rufe mini ƙofar harshenta, kuma bai ga wani saɓani a ciki ba.

Kowace rana bayan sallar magariba akan ja labule, a kashe fitila, a kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana hura sanyinsa mai warin ƙura. Baba ya zaɓo kaset daga kwalin da wani abokin aikinsa ya bar masa. A lokacin babu gidan sinima ko ɗaya a garin nan, falonmu ne sinimar. Ba kallo muke yi irin na kowa ba. Mace za ta yi magana, namiji ya amsa, Baba ya danna, ya mayar baya, ya ce in maimaita. In na karkace, a sake mayarwa. Akwai fina-finan da na shekara ina kallo ban san ƙarshensu ba, don kafin a kai can an kira isha. Wani lokaci yakan manta da ni, ya tsayar da hoton, ya juyo idanunsa suna haske, ya ce in lura yadda mutanen nan biyu suke zancen ruwan sama alhali rabuwa suke yi. Ya ce wannan ce gwanintar mutumin, ba ya barin kowa ya faɗi abin da ke ransa kai tsaye. Ya iya aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Na yi karatun adabi daga baya, na san gwani in na gan shi. Sanin hakan bai rage kome ba.

Hausata ba ta tafi rana ɗaya ba. Bakina ne ya fara mantawa, kunnena ya riƙe rabi. Idan kalma ta suɓuce mini a gaban Baba, ba ya faɗa, ba ya duka. Yakan ɗaga gira kawai ya ce, "In English, Ummi." Da duka yake yi, da wataƙila na yi taurin kai.

Kakata ta zo mana da sanyi, ina da shekara tara. Umra ta kawo ta, ciwon ƙafa ya zaunar da ita, Baba ya yi mata iƙama, wato takardar zama, don ta riƙa ganin likita. Ta iso da buhu mai ƙanshin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ƙanshin ya cika matakala har maƙwabciyarmu ta leƙo. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, tana sa rigar sanyin Baba a kan zaninta tana ƙorafin cewa sanyin Riyad ba shi da kunya. Inna muke ce mata. Ranar da ta iso ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Takwara, ashe haka kika girma ba ki gaya mini ba?" Na ji abin da ta ce. Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai gaisuwar Larabci. Ta yi dariya, ta ɗauka kunya ce.

Kwana uku ta yi ta gane. Ta kira Baba ɗakinta, ya durƙusa a bakin katifa, ni kuma ina laɓe a bayan ƙofa. Ya yi mata bayani da Hausa mai taushi, irin wadda ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. Ya ce don gaban yarinyar ne, ya ce na ɗan lokaci ne. Inna ta saurare shi har ya gama.

"To ni da wa zan yi hira? Da firij?"

"Ki yi mata magana, Inna, ba a hana ki ba. Amsawa ce dai ba za ta yi ba tukuna."

"Ka taɓa ganin an yi daka da turmi ba taɓarya?"

Baba bai janye dokar ba. Ita ma ba ta sake tayar da zancen ba, don ba ta son a ce ta zo gidan ɗanta ta karya masa magana a gaban iyalinsa. Sai ta mayar da faɗan kan hoton. Da safe in ta fito da sandarta takan tsaya a gabansa ta ce, "Ina kwana, mai gida? An tashi lafiya? Yau ma za a bar mu mu yi numfashi?" In mahaifiyata ta zuba abinci, sai ta ce a fara kai wa limamin babanku. Mahaifiyata takan tura bakin mayafi a baki don kada dariyarta ta fito. Ni ma ina dariya, amma a cikin raina ina kallon murmushin nan na gefen baki, ina jin kamar ya san abin da yake yi mana.

Abin da Inna ta zo da shi wanda ya fi daddawa yawa shi ne tatsuniyoyi. Mahaifiyata ta ce a garinsu yara har daga wata unguwa suke zuwa tsakar gidanta. Amma Inna tana da tata dokar, wadda ta gada: ba a tatsuniya da rana. Wanda ya yi, in ji ta, ɓata zai yi a hanya, ya kasa gane gida. Ka ga yadda aka matse ni. Da rana Baba yana ofis, gida namu ne, amma bakin Inna a ɗaure yake. Da magariba bakinta ya kwance, Baba ya dawo, an ja labule. Sau ɗaya ta gwada. Muna zaune a falo ana jiran kaset ya gama komawa, ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Na san amsar, tana kan harshena. Na kalli Baba. Ya danna na'urar, kiɗan farkon fim ya tashi, sunan mutumin ya fito. Inna ta ɗauki sandarta ta shiga ɗaki.

Haka sanyi ya wuce, aka yi ɗan ruwan da ke sa garin nan ƙanshin jiƙaƙƙen siminti na kwana biyu, sannan zafi ya sauko, irin wanda ke sa ƙarfen ƙofa ya ƙona hannu. Ni da Inna muka koyi zama tare ba magana mai yawa. Ina matsa mata ƙafa in na dawo daga makaranta, ina sayo mata madara a baƙala, ɗan kantin unguwa, tana yi mini kitso tana zuba zance a kan kaina, ni kuma ina tsintar abin da na iya tsinta. Ko da rana, da babu mai hana ni, amsata ba ta wuce "to" da "na'am" ba. Ba tsoro ba ne kuma a lokacin. Kalmomin ne ba sa zuwa.

A zafi na biyu ciwon ya hau sama. Ta daina fitowa falo, ta daina gaida hoton. Wata rana da azahar, rana tana tsakiyar sama, mahaifiyata tana kicin, Inna ta kira ni ta ce in rufo ƙofa. Ta jawo ni kusa da ita.

"Ga ta nan, ga ta nanku."

Na kalli taga. Haske ne fal. Na haɗa 'yan kalmomin da nake da su na ce, "Inna, rana."

"Na gani, takwara. Ni da na bar garinmu na zo nan, wace ɓata ce ta rage mini? Amsa."

Na ce, "Ta zo mu ji ta."

Labarin wata yarinya ce da uwarta ta aika ɗebo wuta a maƙwabta. Gidan da ta shiga duk murhu ya mutu. Ta bi gida gida da kaskonta har ta fita bayan gari, sai ta hango hayaƙi yana tashi daga gindin wata tsamiya. Da ta matsa, sai wata murya daga cikin itacen ta kira ta da sunanta. Har nan na bi ta, ina riƙe da kowace kalma. Daga nan Inna ta shiga cikin labarin sosai, muryarta ta canza, ta yi waƙa, kalmomi suka yi kauri suna zuwa a guje, irin waɗanda ban taɓa ji ba. Na ga hannunta yana nuna wani abu yana hawa, wani abu yana faɗuwa. Ina gyaɗa kai. Sai ta tsaya ta tambaye ni wani abu, tana murmushi, tana jira. Ban san me ta tambaya ba. Na ce mata da Larabci ban gane ba. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta shafa kitson da ta yi mini ta ce, "Ƙurunƙus." Ko ni na san ba a nan labarin ya ƙare ba.

Bayan kwana goma sha wani abu ta rasu a asibiti, da hantsi. Aka yi mata salla bayan la'asar, maza suka kai ta maƙabartar Al-Oud, mu mata muka zauna a gida. Da baƙi suka fara zuwa gaisuwa, mahaifiyata ta juya hoton. Bayan kwana uku Baba ya juyo da shi.

Hausar da kake karantawa yanzu daga baya na tsince ta, da ƙyar, a wurin matan ɗaliban Nijar da ke zuwa gidanmu, da littattafan da nake sa a kawo mini daga gida, da shekara guda da na roƙa na yi a wurin gwaggona. Dokar ba a taɓa soke ta ba, tsufa ta yi ta faɗi da kanta. Turancin kuwa na same shi, har da yabo. Shi ya kai ni jami'a, kuma a laburaren jami'ar na ci karo da wani littafi a kan marubutan da suka yi ƙaura daga Turai zuwa Amurka. Akwai babi guda a kan mutumin. Na karanta shi a tsaye. Ashe kusan kullum tare da 'yan ƙasarsu yake cin abincin rana, suna surutu da harshensu. Ashe da harshensu yake fara tsara labari, sakatariyar ce ke taya shi goge Turancin. Ashe har uwarsa ta mutu yana rubuta mata wasiƙa da harshen da ta haife shi da shi. A ƙarshen rayuwarsa, da fim ya koma mai launi aka daina kiransa aiki, abin da ya rage masa shi ne teburin abincin ranar nan da tsofaffin 'yan garinsu.

Za ka ce to ai ba laifinsa ba ne, laifin mai mujalla ne, ko na Baba. Na gaya wa kaina haka sau da yawa. Amma a tsaye a laburaren nan tsanar ƙaruwa ta yi. Shi ya riƙe nasa. Ya yi hira da uwarsa har ƙarshe. Ni aka karɓe wa tawa da sunansa.

Garin ya canza. Yanzu akwai gidajen sinima a manyan kantuna, ƙawayena suna zuwa, wani lokaci ina binsu. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari da ke kai ni aiki ba tare da na jira kowa ba. Fina-finan mutumin suna cikin waya, duk wanda ya so zai ga sunansa da fararen haruffa. Inna kuwa tana bayan katangar maƙabarta, a ƙarƙashin dutsen da ba a rubuta kome a kansa ba, kamar na kowa a nan. Ko Baba ba shi da tabbacin wane ne nata.

Baba ya ajiye aiki, gashinsa ya yi fari, kuma yanzu da Hausa yake yi mini magana kamar ba a taɓa yin wani abu ba. Watan da ya wuce na je gaishe shi da kwafin babin nan a jakata, da niyyar karanta masa shi daga farko har ƙarshe. Na same shi a falo da la'asar yana shan shayi. Na duba yadda tsufa ya tsotse hannunsa da ke kan kofi, sai na kasa ciro takardar. Na tambaye shi wani abu dabam.

"Baba, ka tuna tatsuniyar Inna ta yarinyar da aka aika ɗebo wuta?"

Fuskarsa ta washe. "Mai tsamiya? Ai na sha jinta ina yaro."

"Bayan muryar ta kira ta, me ya faru?"

Ya ajiye kofin, ya gyara zama. Ya ce yarinyar ta matsa, ta zagaya bayan itacen. Ya kalli sama. Sai ya ce ta tarar da wani mutum a zaune kan akwati yana jiran jirgi, da wasiƙa a aljihunsa wadda ya kasa aikawa, ga ruwa yana sauka. Ya ci gaba, muryarsa ta saki, labarin yana zuwa masa ba tuntuɓe. Na san tashar, na san wasiƙar, na san matar da za ta fito daga jirgin. Daga ɗaya daga cikin fina-finan mutumin ne. Baba bai lura ba. Na bar shi har ya kai ƙarshe.

Na ce, "Ba haka Inna ta faɗa ba."

Ya dube ni, ba da fushi ba, da gaske yake son ya ji.

"To yaya ta faɗa, Ummi?"